Fim Ya Yi Kyau Amma Bai Yi Daɗi Ba: Ina Matsalar Take?

Akwai wani irin ɓacin rai da sai mai son finafinan almarar kimiyya ne ya san shi. Ya bambanta da na wanda ya kalli fim maras kyau, domin shi wannan tun a minti goma na farko yake tona asirin kansa, ka kashe ko ka tashi ka kama gabanka. Fim ɗin da nake magana a kai an zuba masa dukiya. An gina birnin da za a yi nan da shekara 300, an ƙera kumbo mai girman gari guda, an yi wa jarumi sulken da ko ƙusoshin jikinsa sai da aka zauna aka zana su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka tsayar da hoton, ya isa a rataye shi a bango. Amma ana gamawa, in wani ya ce ba ni labari, sai ka kama lalube. Ka tuna launi, ka tuna ƙara, sunan mutum ɗaya ma ya gagare ka. Masu kallo kan taƙaita abin da cewa fim ɗin ya haɗu amma babu labari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai ga jijiyar ba, don sau da yawa labarin yana nan, har ya yi yawa: ga daula, ga ’yan tawaye, ga wani tsohon yaƙi, ga yaron da aka ce shi ne zai ceci kowa. Abin da ya ɓata wani abu ne daban.

A ganina, kyawun hoto a irin wannan fim alkawari ne. Idan aka nuna maka birni mai hawa-hawa, motoci na shawagi tsakanin benaye, ga rubuce-rubuce a bango cikin harshen da aka ƙago, ƙwaƙwalwarka takan yanke hukunci ba tare da ta nemi shawararka ba: wanda ya ɓata lokaci haka a kan bango lalle ya san wa ke mulkin birnin nan, ya san abin da talakansa ke tsoro, ya san abin da zai yiwu a cikinsa da wanda ba zai yiwu ba. Da wannan zaton kake zaune, kana tsintar alamu, kana jiran a haɗa maka su. Sai wajen tsakiyar fim ka fara gane cewa a bangon nan tunanin ya tsaya. Gwargwadon yadda hoton ya burge ka, gwargwadon zafin da za ka ji. Fim mai ƙaramin jari in ya gaza ba ya yi mana ciwo haka, domin tun farko bai ɗauki alkawarin komai ba. Kyan alkawari kuwa cikawa.

Wurin da alkawarin ke fara karyewa shi ne doka. Ba dokar kimiyya ta zahiri nake nufi ba. Babu mai shiga silima da littafin lissafi don ya duba ko kumbon zai iya gudun da ya yi. Dokar da fim ya kafa wa kansa nake nufi. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, wanda yana cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fanni, ya bayyana dabararsa da cewa abu ɗaya tak wanda ba zai yiwu ba yake shigowa da shi, sauran komai ya bar shi ya tafi yadda rayuwar mutane ke tafiya, domin inda komai zai iya faruwa babu abin da zai ja hankali. A ce an nuna mana a farkon fim cewa harsashi ba ya huda sulken jarumi. Madalla, mun karɓa. Can gaba sai ɗaya daga cikin yaran mugun ya soke shi da wuƙa jini ya zuba, saboda marubuci yana so a tausaya masa a wannan gaɓar. Can gaba kuma ya faɗo daga bene mai hawa 50 ya miƙe ya karkaɗe ƙura. Ko a nuna mana na’urar da ke ɗauke mutum daga wannan duniya zuwa waccan cikin ƙiftawar ido, sannan a shafe minti 12 ana tseren babura don kai saƙo ƙarshen gari, ba wanda ya tuna da na’urar. Kowane ɗaya in ka ware shi ƙaramin abu ne. In suka taru kuwa, mai kallo ya daina sanin abin da zai iya kashe jarumin, kuma wanda bai san abin da zai kashe jarumi ba, ba zai ji masa tsoro ba. Daga nan duk harbin da za a yi ya zama wasan wuta.

Shahararren darakta Alfred Hitchcock ya warware wannan da wani misali a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut. Mutum biyu na zaune a teburi suna hira, kwatsam bam ya tashi: mai kallo ya firgita na daƙiƙa 15. Amma in an nuna masa lokacin da aka dasa bam ɗin a ƙarƙashin teburin, ga kuma agogo yana gani, to hirar banzan nan za ta riƙe shi minti 15 gabansa na faɗuwa. Ke nan daga sani fargaba ke fitowa. Finafinan da ke ba mu haushi sukan cika mu da sanin da ba mu buƙata, su hana mu wanda muke buƙata. Za a buɗe fim da wata murya tana karanto tarihin sarakunan taurari da sunayen ƙabilu bakwai, alhali ba a gaya mana abin da wannan mutumin da ke gabanmu yake so ba, da abin da zai rasa in ya gaza, da lokacin da ya rage masa. Wani sa’in ma da gangan ake ɓoyewa, da zaton in mai kallo ya ruɗe zai ɗauka fim ɗin ne ke da zurfi.

Dubi dabara ɗaya a hannu biyu. A 1999 fim ɗin The Matrix ya shahara da fitowar nan da lokaci ke kusan tsayawa, kyamara na zagaye mutum, harsasai na wucewa a hankali har ana ganin sawunsu a iska. An yi ta ne ta hanyar jera kyamarorin ɗaukar hoto kimanin 120 a kewayen ɗan wasa, kowace ta ɗauka a bayan ’yar’uwarta, kwamfuta ta cike gurbin da ke tsakani. Abin da ya sa ta zauna a zukatan mutane shi ne aikin da ta yi a cikin labarin. Duniyar fim ɗin manhajar kwamfuta ce, jarumin kuma yana kan koyon cewa dokokinta na lanƙwasuwa. Lokacin da ya gantsare yana kauce wa harsashi, mutum muke kallo yana gano wani abu game da kansa, kuma ko a nan sai da harsashi ya ƙuje shi ya faɗi, don mu san bai gama koyo ba. Shekarun da suka biyo baya finafinai da tallace-tallace suka yi ta kwaikwayon dabarar: lokaci ya tsaya, kyamara ta zagaya, ba tare da wani dalili a cikin labari ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Haka batun birni yake. Duhun dare da ruwan sama da fitilun talla masu launi da ake ta maimaitawa, daga Blade Runner na 1982 akasari aka gaje su. Dogayen hasumiyoyin kuwa tun 1927 darakta Fritz Lang ya gina su a Jamus cikin fim ɗinsa Metropolis, inda masu dukiya ke zaune can sama, ma’aikata kuma a ƙarƙashin ƙasa suna juya injina. Ginin da kansa yana ba da labari kafin wani ya buɗe baki. Yau hasumiyar na nan, ta ma fi ta da tsawo da ƙyalli, amma da wuya fim ya damu ya nuna wa ke kwana a gindinta.

Sai faɗan kansa, wanda shi ne hajar da aka tallata mana. Faɗa a fim ɗan ƙaramin labari ne, yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kafin ya kama mutum sai ya san inda kowa ke tsaye, da abin da kowa ke nema, da wanda ke da rinjaye a wannan daƙiƙar. Masanin fim David Bordwell ya ƙididdige cewa tsakanin 1930 da 1960, a yawancin finafinan Holiwud ɗauka ɗaya, wato hoton da ke gudana ba tare da an katse shi ba, takan yi daƙiƙa 8 zuwa 11 a matsakaici kafin a yanka zuwa wata. A fagen faɗa na finafinan yanzu kuwa, ba abin mamaki ba ne ɗauka ta kasa cika daƙiƙa 2. Duk lokacin da aka yanka, ido yana buƙatar ɗan lokaci ya nemo inda abin kallo ya koma. In a wannan ɗaukar jarumi na kusurwar hagu ta sama, a ta gaba yana dama ta ƙasa, to ido zai ƙare lokacinsa wajen nema, kafin ya samu an sake yankawa. Ƙara da kyamara mai karkarwa, da hayaƙi, da duhu, da abokan faɗa biyu da duk ƙarfe ne mai launin toka. Ka san ana faɗa, amma ba ka san wa ya doki wa ba. Ƙarar da ke fitowa daga lasifika ce kaɗai ke sanar da kai cewa naushi ya sauka.

Duk da haka saurin yanka ba shi ne mai laifi ba. Mad Max: Fury Road, wanda George Miller ya fitar a 2015, an yanka shi kusan sau 2,700 cikin awa 2, amma da wuya ka ji wanda ya ce ya ɓata a cikinsa. Miller ya sa an riƙa ajiye abin da ake so a kalla a tsakiyar allo, ɗauka bayan ɗauka, don kada ido ya yi yawo. Margaret Sixel, wadda ta tace fim ɗin daga ɗaruruwan awoyi na hotuna, ta ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. Labarin kuma bai fi a faɗe shi a jimla ɗaya ba: wata babbar mota ta gudu cikin hamada ana bin ta, daga baya ta juyo. A kowane lokaci ka san ina motar take, wa ke samanta, wa ke ƙoƙarin hawa. A hamadar Namibiya aka ɗauke shi da motoci na gaske, amma an yi aikin kwamfuta a kan ɗauka kusan 2,000 a ciki, abin da ya kamata masu ɗora wa kwamfuta dukkan laifi su lura da shi.

Walter Murch, ɗaya daga cikin manyan masu tace fim na Amurka, ya jera abubuwa 6 da yake aunawa kafin ya yanka. Ya ba motsin rai kashi 51 cikin 100, ci gaban labari kashi 23, daidaiton wuri kuma, wato sanin inda kowa yake a fili, kashi 4 kacal. Wani zai ce to ai ga shi, sanin wuri ba wani abu ba ne. Nufin Murch shi ne, in dole sai ka sadaukar da wani abu, ka sadaukar da na ƙasa don ka tsirar da na sama. Finafinan da muke kuka da su sun sadaukar da wurin, sun sadaukar da bin ido, kuma babu motsin ran da suka saya da su.

Akwai kuma batun nauyi, wanda mutane ke ji a jikinsu ko da sun kasa faɗar sunansa. Abu in ya faɗo, kimanin mita 5 yake ci a daƙiƙar farko. Daga saman gini mai tsawon mita 100 sai ya yi kusan daƙiƙa 4 da rabi kafin ya taɓa ƙasa. Ba ma zama mu lissafa, amma ido ya san wannan tun muna yara, shi ya sa ƙaton abu kan zama kamar a hankali yake motsi. Masu ƙera ƙananan siffofin gine-gine da jirage a zamanin da sun san haka sarai. Sukan ɗauki siffar da kyamara mai gudu fiye da ƙa’ida, ta yadda in an haska a gudun da aka saba, rushewar za ta zo a hankali, ido ya yarda ƙaton gini ne. Ita kwamfuta babu abin da ya tilasta mata wannan. Sai ka ga mutum-mutumin ƙarfe mai tsawon bene 20 ya yi tsalle ya juya a sama ya dira cikin daƙiƙa guda, nan take ido ya karanta shi a matsayin abin wasan yara, komai yawan tsatsa da ƙujewar da aka zana a jikinsa. Kyamarar ma ta kwamfuta ce, tana iya ratsa ramin makulli, ta bi bayan harsashi, ta zagaye kumbo sau uku. Babu ɗan Adam da zai iya tsayawa a inda take, don haka mai kallo ya rasa inda zai ajiye jikinsa a cikin fitowar.

A Jurassic Park na 1993, fim mai sama da awa 2, dainoso, wato manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zamanin ɗan Adam, kimanin minti 15 kawai suka yi a allo, kuma wajen minti 6 ne na kwamfuta. Saura manyan siffofi ne masu motsi da Stan Winston da mutanensa suka ƙera. Fitowar da kowa ke tunawa da kofin ruwa ta fara, ruwan na rawa saboda takun abin da ba a gani ba tukuna. Tun da farko an nuna mana cewa shingen lantarki ne ke tsare dabbar, an kuma nuna mana an kashe wutar. Kyamara ta fi zama a tsawon mutum, wani lokaci a cikin mota tare da yara biyu suna kallon sama. Doka, sani, nauyi, duk ga su a wuri guda. Manyan finafinan yanzu sukan wuce ɗauka 2,000 masu aikin kwamfuta, kuma in kowace daƙiƙa abin al’ajabi ce, ido yakan saba kafin a yi rabin awa.

Na san amsar da ake ba mai irin wannan ƙorafi: fim ne kawai, ajiye tunani ka sha kallo. Ban yarda da ita ba, domin daɗin faɗan kansa aikin tunani ne. Zato ne da fargaba da jiran abin da zai biyo baya, kuma in aka ajiye tunani su ma sun tafi. Akwai wata amsar da ta fi wannan ƙarfi, ta masu cewa fim sana’ar hoto ce, mai son labari ya nemi littafi. Da waɗannan muna da kusanci. A 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1968, ana shafe wajen minti 25 na farko ba a furta kalma ɗaya ba. Wata halitta mai kama da biri ta gano cewa ƙashi na iya zama makami, ta jefa shi sama, aka yanka zuwa wata na’ura tana shawagi a sararin samaniya. Yanka ɗaya ya tsallake dukkan tarihin ɗan Adam. Wannan hoto ne mai tunani a cikinsa, kuma babu wanda ke kuka da irinsa. Wanda ake kuka da shi shi ne wanda in ka cire shi ka sa wani kyakkyawan a madadinsa babu abin da zai canza.

To masu yin finafinan nan ba su san duk wannan ba ne? Sun sani, da yawansu sun fi masu sukarsu sani. Matsalar tana cikin jerin yadda aikin ke gudana. Babban kamfani kan sanar da ranar fitowar fim shekaru kafin lokaci, wani sa’in tun ba a gama rubuta labarin ba. Fim kuma hotuna 24 ne a kowace daƙiƙa, ke nan awa 2 hotuna 172,800 ne, kuma hoto ɗaya mai sarƙaƙiya na iya cin awoyi kafin kwamfuta ta gama fitar da shi. Saboda haka manyan fagagen faɗa, da yake su suka fi cin lokaci, da su ake fara aiki. Ana tsara su tun wuri a wani zanen gwaji mai motsi, a san ta inda kyamara za ta bi da inda gini zai rushe. Marubuci in ya zo sai ya tarar an riga an kafa turaku: ga tsere a nan, ga faɗa a can, ga rushewar birni a ƙarshe, aikinsa ya samo dalilin da zai kai mutane daga wannan turke zuwa wancan. Faɗan da ya kamata ya fito daga cikin halin mutane da rikicinsu, shi ne yanzu ake ƙera mutanen don su dace da shi. Daraktar nan ’yar Ajantina, Lucrecia Martel, ta faɗa a 2018 cewa da kamfanin Marvel ya tuntuɓe ta kan wani fim, an ce mata kada ta damu da fagagen faɗa, za a kula da su. Sau da yawa ma wani rukuni ne daban ke ɗaukar faɗan, darakta na can yana ɗaukar masu magana. Alamar tana bayyana a allo: jarumi ya shiga faɗa ya fito yadda ya shiga, bai koyi komai ba, bai rasa komai ba, kuma in ka tsallake minti 10 ɗin nan gaba ɗaya labarin zai ci gaba lafiya lau.

’Yan wasa ma abin ya shafe su. Mutum na tsaye gaban koren labule, an soke ƙwallo a kan sanda an ce ya kalle ta ya firgita, ita ce dodon, alhali ko siffar dodon ba a gama yanke shawara a kai ba. Bai san girmansa ba, bai san ta ina haske zai zo ba. Da yake an san za a iya gyara komai daga baya, sai a yi ta ɗage shawarar da ya kamata a yanke a ranar ɗauka: launin sama, fasalin ɗaki, har tufafin da ke jikin ɗan wasa.

A nan ne raina ke ɓaci in na ji ana zagin masu aikin siddabarun kwamfuta, wato masu ƙirƙirar hotunan da kyamara ba ta ɗauka ba. Su ne suka yi abin da ya yi kyau a fim ɗin, kuma su ne ake sauke wa nauyin duk shawarar da aka ɗage. Kamfanoninsu kan karɓi aiki a kan ƙayyadadden farashi bayan gasa da juna, sannan a yi ta canza musu ra’ayi har makonnin ƙarshe, ranar fitowa kuma ba ta motsi. A watan Fabrairun 2013 kamfanin Rhythm & Hues ya shigar da takardar karyewar jari, kuma cikin watan nan aikin da ya yi a fim ɗin Life of Pi ya ci Oscar ta siddabarun hoto. A Satumban 2023 ma’aikatan wannan sashe na Marvel suka kaɗa ƙuri’ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE. In ka ga fitowar da ta yi kama da ba a gama ba a ƙarshen fim mai tsada, mafi yawan lokaci ba ƙwarewa aka rasa ba, lokaci aka hana su.

Sama da duk wannan akwai kuɗi. Fim irin wannan yakan ci dala miliyan 200 ko fiye kafin a zo ga talla, wanda shi ma kan lashe wasu miliyoyin masu yawa. Gidajen silima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, a ƙasar Sin kuma kashi 25 cikin 100 ne ke komawa ga kamfanin waje. Shi ya sa ’yan kasuwar fim kan ce sai fim ya tara ninki biyu ko biyu da rabi na abin da aka kashe wajen yin sa kafin a fara maganar riba. Kuɗi irin wannan ba ya fitowa daga ƙasa ɗaya, sai an sayar wa duniya baki ɗaya. Fashewa ba ta buƙatar fassara, amma zance mai hikima da rikicin zuciya da tambaya mai tayar da hankali duk ana ganin su a matsayin kasada. Almarar kimiyya kuwa a kan tambaya ta ginu: in na’ura ta yi tunani, mutum ce? In aka kwafe tunaninka aka zuba a wani jiki, wane ne kai? Irin waɗannan finafinai sukan ɗauko tambayar a rabin awa na farko, saboda tana yi wa fim kwarjini, sannan su ajiye ta su warware komai da naushi. Ana kuma haska fim ga masu kallon gwaji, in sun ce ba su gane wani wuri ba a koma a ɗauki fitowar da wani zai tsaya ya yi bayani da baki, in sun ce ya yi sanyi a yanke daidai fitowar da mutum biyu suka zauna suka san juna. Ita ce kuwa za ta sa mu damu in ɗayansu ya mutu.

Tallan fim ya ƙara wa wutar mai. Bai fi minti 2 da rabi ba, kuma galibi wasu kamfanoni ne na musamman ke haɗa shi. A cikin wannan ɗan lokacin babu dokar da za a karya, babu halin da za a gina, hotuna mafi kyau ne jere da kiɗa mai tsuma jiki, mai kallo kuma ya cike guraben da fim ɗin da ya fi so a ransa. Salon ƙyalli ba tare da tushe ba a nan ya fi dacewa, har akan gaggauta kammala wasu fitowa musamman don su shiga talla. Mutum ya shiga silima da fim ɗin da ya riga ya gina a kansa, kuma da wuya na allo ya kai shi.

Abu na ƙarshe da ke ƙara dagula lissafi shi ne yadda ake tsara fim ɗin a matsayin ƙofar shiga jerin finafinai. Tunda an kashe dukiya wajen gina duniyar, kamfani yana so ya ci moriyarta sau uku ko huɗu. Saboda haka manyan tambayoyin da labarin ya tayar, wa ya ƙera na’urar, me ya faru da mahaifin jaruma, me ke bayan katangar, da gangan ake ƙin amsa su. Mugun da aka kashe sai a nuna ashe yaron wani ne, a leƙo da fuskar ubangidansa bayan sunayen ma’aikata sun gama wucewa. In kuɗin tikiti bai kai abin da aka yi fata ba, kamfani ya soke kashi na biyu da na uku, wanda ya ba da awa 2 da rabi na rayuwarsa ya tashi da sulusin labari, sauran kuma ba za a taɓa ɗaukarsa ba.